Me Ya Sa Murya Ke Yin Kauri Ba Ta Komawa? Yadda Ake Horar Da Muryar Matan Da Suka Sauya Jinsi

Duk wanda ya ɗaga kiran lambar da bai sani ba, kafin mai kiran ya idar da sallama ya riga ya yanke hukunci a ransa: namiji ne ko mace. Mai magana da Hausa ma ba shi da damar jinkiri, domin harshen na tilasta masa ya zaɓi "kai" ko "ke", "malam" ko "malama", tun daga jimlar farko. Kunne ne ke yanke wannan hukunci cikin ƙiftawar ido, kuma ba kasafai yake kuskure ba.

A asibitocin Amurka da Turai da Ostareliya da wasu ƙasashen Asiya, akwai wani reshe na aikin lafiya da ya ginu a kan wannan hukunci na kunne. Shi ne horar da muryar mutanen da aka haifa da jikin namiji amma suke rayuwa a matsayin mata, waɗanda kafofin labarai ke kira matan da suka sauya jinsi. Masu gudanar da horon ba likitocin tiyata ba ne. Ƙwararru ne a fannin gyaran magana da murya, irin waɗanda ke taimakon mai in'ina, ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta karya wa harshe.

Sauya jinsi batu ne da ake tafka muhawara a kansa ta fuskar addini da shari'a da siyasa, har a ƙasashen da ake yin wannan horo. Amma ko a wane ɓangare mutum ya tsaya, ilimin da horon ya dogara da shi ilimi ne na maƙogwaron kowa. Yana kuma amsa wata tambaya da mutane da yawa ba su taɓa yi ba: me ya sa murya ke yin kauri cikin sauƙi, amma idan ta yi ba ta komawa siririya da kanta?

Tantani biyu a cikin maƙwallato

Ɗaliban Hausa da suka yi darasin tsarin sauti sun san maƙwallato, wato ɗan akwatin guringuntsin da ke saman bututun iska a wuya. A cikinsa akwai tantani biyu na tsoka da ke buɗewa idan ana numfashi, su haɗu idan za a yi magana. Iskar da ta taso daga huhu ita ke kaɗa su, suna buɗewa suna rufewa da saurin da ido ba ya gani. Adadin wannan kaɗawa a cikin daƙiƙa ɗaya shi ake aunawa da ma'aunin Hertz, kuma shi kunne ke ji a matsayin kauri ko sirantakar murya.

Tantanin baligin namiji yakan kai tsawon milimita 17 zuwa 25, na mace kuwa milimita 12 zuwa 17. Bambancin bai kai faɗin farce ba, amma a kunne babba ne. Muryar yawancin maza na kaɗawa tsakanin sau 85 da 180 a daƙiƙa, ta yawancin mata tsakanin 165 da 255. Tsirkiyar garaya mai tsawo da kauri ba ta kaɗawa da saurin gajeriya siririya; ƙa'idar ɗaya ce a wuyan mutum.

Kafin balaga, muryar yaro da ta yarinya kusan ɗaya suke, har iyaye kan kasa bambance su daga wani ɗaki. Sinadarin testosteron ne ke raba su. Idan ya kwararo a jikin saurayi, guringuntsin maƙwallato ya girma ya turo gaba, wanda shi ne zakaran wuya, tantanin ya ƙara tsawo da kauri, akwatin kansa ya sauka ƙasa a cikin wuya. Cikin shekara ɗaya ko biyu saurin kaɗawar ya ragu da kusan rabi. Muryar budurwa ma na sauka, amma kaɗan.

Tarihi ya tabbatar da haka ta hanyoyi biyu marasa daɗin ji. A Italiya, daga ƙarni na 16 zuwa na 19, ana dandaƙe yara maza masu zaƙin murya kafin su balaga domin muryarsu ta dawwama a sama, su riƙa rera waƙa a coci da gidajen wasa. Ɗaya daga cikin na ƙarshensu, Alessandro Moreschi na ƙungiyar mawaƙan fadar Paparoma, an naɗi muryarsa a 1902 da 1904, kuma har yau ana iya sauraron faifan: babban mutum da muryar da ba ta taɓa saukowa ba. Hanya ta biyu ta zo daga Jamus ta Gabas, inda a shekarun 1970 da 1980 hukuma ta riƙa ɗirka wa 'yan wasa mata magungunan ƙara kuzari masu aiki irin na testosteron. A gasar Olamfik ta Montreal a 1976, kaurin muryar 'yan ninƙayar ƙasar na cikin abubuwan da suka fara tayar da zargi. Da yawansu sun daina shan maganin daga baya, amma muryar ba ta koma ba.

Nan ne tushen al'amarin yake. Wanda aka haifa da jikin mace ya koma rayuwa a matsayin namiji, idan aka ba shi testosteron muryarsa kan yi kauri cikin watanni uku zuwa shekara guda, sau da yawa ba tare da wani horo ba. Akasin haka ba ya faruwa. Sinadarin estrojin na sauya laushin fata da yadda kitse ke taruwa a jiki, amma ba ya rage guringuntsin da ya riga ya girma, ba ya gajarta tantanin da ya riga ya miƙe. Macen da ta sauya jinsi bayan balaga na iya shekara goma tana shan magani, muryarta na nan inda balaga ta ajiye ta. Abin da ya rage mata shi ne ta koyi sarrafa kayan da take da su ta wata hanya dabam, ko ta kwanta a yi mata tiyata.

Ga masu neman horon, wannan ba maganar ƙawa ba ce. Suna bayyana yadda ma'aikacin banki ke ƙin ci gaba da magana a waya saboda muryar ba ta dace da sunan da ke gabansa ba, da yadda kalma ɗaya a cikin motar haya kan jawo kallo ko cin mutunci, wani lokaci har da duka. Wasu sukan daina ɗaga waya, wasu su zaɓi aikin da ba ya bukatar magana. Babbar ƙungiyar ma'aikatan lafiya da ke wannan fanni, WPATH, ta ware babi guda ga murya da sadarwa a kundin ƙa'idojinta na 8 da ta fitar a watan Satumban 2022.

Kuskuren da kusan kowa ke fara yi

Wanda aka ce ya kwaikwayi muryar mace, abin da zai yi shi ne ya matse maƙoshi ya tura muryarsa sama, irin yadda 'yan wasan barkwanci ke yi. Sakamakon kan ba da dariya ne kawai, domin kunne ba ya ruɗuwa. Yana jin namiji ne mai ƙanƙantar da murya.

Dalili shi ne, sautin da tantani ke samarwa ɗanye ne, kamar zizar ƙudan zuma. Sai ya ratsa maƙoshi da kogon baki da na hanci sannan ya zama muryar da aka sani. Wannan hanya, daga maƙwallato zuwa leɓe, takan kai santimita 17 a baligin namiji, kimanin 14 zuwa 15 a mace. Dogon bututu na ƙarfafa sautuka masu zurfi, gajere na ƙarfafa masu kaifi. Ko da mabushi ɗaya ne ya busa kakaki da algaita, ba mai kasa bambance su, domin jikin abin busar ne ke ba da amo. Haka goge da kukuma: ko an ɗaure tsirkiyarsu ta yi daidai, girman ƙoƙon zai tona asiri.

A 2009, wasu masana biyu na Jami'ar Yammacin Michigan a Amurka, James Hillenbrand da Michael Clark, sun gwada wannan da kwamfuta. Sun ɗauki jimlolin da maza da mata suka furta, suka riƙa sauya su, suna kunna wa masu sauraro. Da suka sauya saurin kaɗawa kaɗai, galibin masu sauraro ba su ruɗu ba. Da suka sauya amo kaɗai, nan ma haka. Sai da suka sauya duka biyun tare ne kunnuwa suka miƙa wuya, a kusan kashi 82 cikin 100 na gwajin. Wannan bincike da ire-irensa su suka sa ƙwararru suka daina ɗaukar adadin Hertz a matsayin komai da komai. Akwai mata masu kakkaurar murya da ba wanda ke kiransu "malam" a waya, saboda amonsu na mata ne.

Akwai wani yanki, tsakanin Hertz 145 da 175 ko kusa da haka, inda kunne ke shakka idan ba wata alama. Yawancin horon na ƙoƙarin fitar da murya daga ƙasan wannan yanki zuwa cikinsa ko samansa kaɗan, sannan a bar amo da sauran alamomi su ƙarasa aikin.

Abin da ke faruwa a ɗakin horo

Ana farawa da duba lafiyar maƙwallato. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro kan zura siririyar kyamara ta hanci ko ta baki ya kalli tantanin yana motsi. Asalin wannan dabara ma daga malamin waƙa ta fito, ba likita ba: Manuel García, ɗan Sifaniya, wanda a 1854 ya yi amfani da ɗan madubin likitan haƙori da hasken rana ya ga nasa maƙwallaton. Idan aka tarar da kumburi, ko ƙullutu, ko alamun tsamin ciki na tasowa yana ƙona wurin, sai an magance wannan tukuna.

Daga nan a naɗi muryar tana karatu da hira, a auna ta da manhaja. Wadda ta fi shahara ita ce Praat, ta kyauta, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira, kuma masu nazarin harsuna ma da ita suke aiki. Akwai kuma takardar tambayoyi 30 da Georgia Dacakis ta Jami'ar La Trobe a Melbourne da Shelagh Davies ta Kanada da abokan aikinsu suka wallafa a 2013, wadda ba ta auna sauti ko kaɗan. Tana tambayar mai murya ne yadda muryar ke shafar rayuwarta: ko tana gudun magana a taro, ko tana gajiya, ko tana jin muryar ba tata ba ce.

Atisayen kansu, wanda ya leƙa ɗakin zai ɗauka wasan yara ne. Ana ba mutum siririn bututun roba na shan lemo ya riƙa fitar da sauti ta cikinsa, wani lokaci bakin bututun na nutse a kofin ruwa. Masanin kimiyyar murya Ingo Titze na Amurka ne ya fi kowa bayyana amfanin wannan: idan aka ƙuntata mafitar iska, wani ɓangare na matsin na komawa baya ya tallafi tantanin, sai su kaɗa ba tare da bugun juna da ƙarfi ba. Ana gunji da baki a rufe har a ji leɓe da karan hanci na tsuma. Ana karkaɗa leɓe. Ana hawa da sauka da murya kamar jiniya, domin tsokar da ke miƙar da tantani ta saba da aiki a sama ba tare da taurin wuya ba.

Aikin amo ya fi wuya, domin ana koyon motsa abin da mutum bai taɓa sanin yana iya motsawa ba. Tun da ba a iya yanke bututun, sai a rage shi ta dabara. A ɗaga maƙwallato sama kaɗan, kamar yadda yake tashi da kansa a farkon haɗiya. A matso da harshe gaba da sama, kusa da inda yake zama wajen furta wasalin "i". A ɗan ja leɓe gefe maimakon turo su gaba. Kowane ɗaya na rage 'yan milimitoci ne, amma idan suka haɗu sai sautin ya yi haske. Sannan akwai abin da masu horo ke kira nauyin murya, wato yawan naman tantanin da ke shiga cikin kaɗawa. Ana koyon barin gefunan su taɓa juna a hankali, ba tare da an koma raɗa ko huci ba.

Ana hawa ne mataki-mataki: sauti ɗaya, sai gaɓa, sai kalma, sai jimla, sai karatu, sai hira. Bayan haka a fita daga ɗaki. Mai horo kan sa a kira shago a waya a tambayi farashi, ko a yi magana a wurin hayaniya. A nan ne da yawa ke tuntuɓe, domin riƙe sabuwar murya a ɗaki mai shiru abu ne, riƙe ta cikin fushi ko gajiya ko gardama wani abu ne dabam. Tari da dariya da atishawa da kiran wanda ke nesa, duk sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, tun da su ne ke fita ba da shawara ba. Zaman da ake yi da ƙwararre kan ɗauki makonni da dama zuwa watanni, amma kafin muryar ta zama jiki ana iya shekara ko fiye. Nazarce-nazarcen da aka tattara na nuna horo kaɗai na ɗaga murya da kimanin Hertz 25 zuwa 40. Ga wasu wannan ya wadatar, ga wasu bai kai ba.

Hatsarin da ake gudu shi ne na matsi. Wadda ta yini tana ɗaure tsokokin wuya domin ta riƙe murya a sama, da yamma za ta ji zafi da dishewa, kuma idan abin ya daɗe tantanin na iya yin kanta kamar tafin hannun manomi. Akwai ma wani ƙarin cikas: spironolactone, maganin da aka fi bayarwa a Amurka domin danne testosteron, asalinsa na sa fitsari ne, saboda haka yana iya busar da jiki, tantani kuwa ba ya son bushewa. Shi ya sa shan ruwa da barin taba ke cikin darasin farko. Tsada da dogon layi, musamman a Birtaniya inda jiran ganin likitan wannan fanni a asibitin gwamnati kan ɗauki shekaru, sun sa dubbai na koyo daga bidiyon YouTube da manhajojin waya. Wasu na dacewa. Matsalar ita ce bidiyo ba ya jin lokacin da mai kallonsa ya fara shaƙe kansa.

Wace ce "muryar mace"?

Wannan tambaya ta fi yadda ake zato sarƙaƙiya, domin ba halitta kaɗai ke tsara murya ba. Cecilia Pemberton da abokan aikinta a Ostareliya sun kwatanta muryoyin 'yan matan ƙasar da aka naɗa a 1945 da na tsararsu a 1993, suka tarar matsakaicin ya sauka daga Hertz 229 zuwa 206. Maƙwallaton mata bai sauya ba cikin shekara 48; matsayinsu a ofis da gidan rediyo da majalisa ne ya sauya. Wani binciken ya nuna matan Japan na magana da murya mafi sirantaka fiye da matan Holand. Margaret Thatcher kuwa, sananne ne cewa ta ɗauki darasi domin ta saukar da muryarta a lokacin da take neman shugabancin Birtaniya.

A shekarun baya, wasu masu horo kan koyar da abin da suka ɗauka shi ne maganar mata: yawan neman afuwa, tausasa kowace jimla, ƙare magana kamar ana tambaya. Yanzu an ja da baya daga wannan, kuma da hujja, domin ya fi kama da hoton mace a fim ɗin dā fiye da yadda lauya ko malamar asibiti ke magana a zahiri. Abin da aka fi yi a yau shi ne a tambayi mai neman horon irin muryar da take so, a sa ta saurari matan garinsu da na sana'arta, ta zaɓa. Wasu ma ba sa neman a ji su mata sak. Suna son murya ta tsakiya.

Harshe ma na da hannu. Galibin littattafan fannin, ciki har da na Richard Adler da Sandy Hirsch da Michelle Mordaunt wanda ya fara fitowa a 2006, an gina su ne a kan Turanci, inda hawa da saukar murya ba sa sauya ma'anar kalma. A harsuna masu karin sauti, irin su Sinanci da harshen Tailan, mai horo ba shi da wannan sakewa. Mai jin Hausa zai fahimci matsalar nan take: kari ne kaɗai ya raba wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha, shi ya raba kukan jariri da kukar miya. Ana iya ɗaga muryar gaba ɗaya ma'ana ba ta ɓaci ba, tun da kari na aiki ne da tazarar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa. Amma shawarar a riƙa lanƙwasa murya yadda aka ga dama, wadda ke aiki a Landan, za ta iya mayar da magana shirme a Bankok.

Idan aka kai ga wuƙa

Makaɗin kalangu na matse tsarkiya da hammata fata ta ɗaure sauti ya hau. Wannan ita ce dabarar farko ta tiyata. A shekarun 1970, likitan Japan Nobuhiko Isshiki na Jami'ar Kyoto ya tsara hanyoyi huɗu na gyaran guringuntsin maƙwallato, kuma ta huɗun ita ce a ɗinke guringuntsi biyu su matso kusa, tantanin ya zauna a miƙe. Ana yanka ta wuya, kuma a wasu mutanen ɗinkin kan saki da tafiyar lokaci muryar ta sake saukowa.

Dabara ta biyu ita ce gajartawa. Jürgen Wendler na birnin Berlin ya bayyana ta a wajajen 1990: a bi ta baki, a kankare gaban tantanin biyu, a ɗinke kusan kashi ɗaya cikin uku nasu su manne, ragowar da ke kaɗawa ya zama gajere. Ita aka fi yi a yau, kuma birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya yi suna da wani salo nata har mutane na zuwa daga nahiyoyi. Tana ɗaga murya da kimanin Hertz 60 zuwa 80. Ta uku ita ce rage kaurin tantanin da hasken leza.

Kowace da farashinta. Bayan aikin sai an yi mako guda ko fiye ba a furta ko kalma ba. Muryar kan rasa ƙarfi, tana iya zama da ɗan dishi, kuma sautukan ƙasa sun tafi ke nan, abin da mawaƙa ke tsoro ƙwarai. Tantani nama ne da ba ya yafe tabo. Mawaƙiyar Ingila Julie Andrews ta rasa muryar waƙarta bayan wata tiyatar maƙogwaro a 1997, duk da cewa nata aikin ba shi da alaƙa da jinsi. Sama da duka, babu ɗaya daga cikin hanyoyin uku da ke taɓa tsawon bututu. Tiyata na gyara tsirkiya ne, ƙoƙon na nan. Shi ya sa likitocin kan bukaci a yi horo kafin aiki da bayansa. Aske zakaran wuya kuwa, wanda ake yawan haɗawa da waɗannan, gyaran siffa ne kawai, ba ya sirantar da murya, kuma idan aka zurfafa yankan yana iya lalata ta.

Murya na daga cikin dalilan da suka sa taƙaddama kan magungunan dakatar da balaga ta yi zafi. Masu goyon baya na cewa yaron da aka tsayar wa balaga kafin muryarsa ta buɗe ba zai bukaci duk wannan wahala ba. Masu adawa na cewa shaidar amfanin magungunan ba ta da ƙarfi, kuma yaro bai kai ga yanke hukunci irin wannan ba. Rahoton Dokta Hilary Cass na watan Afrilun 2024 ya ƙarfafa matakin Birtaniya na taƙaita su ga 'yan ƙasa da shekara 18, kuma a watan Yunin 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da dokar jihar Tennessee da ta hana su, yayin da manyan ƙungiyoyin likitocin yara da na sinadaran jiki na ƙasar ke ci gaba da goyon bayan amfani da su. Horar da murya kanta ba ta cika shiga wannan rikici ba, domin ba magani, ba yanka, kuma wadda ta fasa na iya komawa tsohuwar muryarta.

A Najeriya, mafi rinjayen malaman Musulunci da na Kirista ba su amince da sauya jinsi ba, ko da yake malaman fiƙihu sun daɗe da ware hukunci na dabam ga mata-maza, wato waɗanda aka haifa da halittar da ba ta fayyace ba, lamarin da ya bambanta da wanda ake magana a kai. Inda wannan ilimi ke taɓa jama'a kai-tsaye shi ne a sauran masu matsalar murya. Ƙwararrun gyaran magana, waɗanda ke ƙarƙashin hukumar rajistar masu aikin farfaɗo da majinyata da aka kafa a 1988, da likitoci a wurare irin su Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, da irin waɗannan atisaye ake taimakon malamin makaranta da ladani da mawaƙin da muryarsu ta dishe, da macen da wata cuta ta sinadaran jiki ko shan taba ya kaurara wa murya. Likitoci na ba da shawarar duk dishewar da ta wuce mako huɗu a je a leƙa maƙwallato, domin wani lokaci alamar daji ce.

Akwai kuma samarin da suka balaga, gemu ya fito, maƙwallato ya girma yadda ya kamata, amma muryar ta maƙale a sama kamar ta yaro, su yi ta shan tsokana a makaranta da kasuwa. Tasu matsalar kishiyar ta matan da suka sauya jinsi ce, kuma ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin kayan na nan, sabo ne kawai ya riƙe su. Mai horo kan sa saurayin ya yi tari ko gyaran murya, ya ja sautin ya tsawaita shi, yayin da shi kuma yake danna maƙwallaton ƙasa a hankali da yatsu. Sau da yawa kakkaurar muryar na fitowa tun a zaman farko. Sauran makonnin na tafiya ne wajen sa saurayin ya daure ya yi amfani da ita a gaban 'yan gidansu.